Tukubar Mas'ud

"Warin hayaƙi nake ji a jikinka," in ji Shafa'atu, tun kafin ya gama zama kan tabarmar zauren gidansu a Faskari.

Mas'ud ya sunkuyar da kai. Sau biyu ya wanke rigar kafin ya taho.

"Na bar aikin kwamfuta, Shafa. Na koma Sabuwa, tukubar Babanmu."

"Tsire?"

"Tsire da balangu."

Ta daɗe tana murza gefen hijabinta.

"Ka san da mi Baba ya yarda da kai? Ranar da aka ce masa kai ɗan mahauta ne, kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Sai da na nuna masa zanenka a waya, na rantse masa ka bar wuƙa... Yanzu in ce masa mi?"

"Ki ce masa na gaji."

"Kowa ma yana gajiya, masoyi."

"Ba irin wannan ba."

Shekara huɗu ya yi a ɗakin haya a Kankara, yana zana tambarin shaguna da katin biki wa mutanen Abuja da Legas waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ƙara girman rubutun. Canza kalar. A'a, mayar da shi yadda yake da. Idanunsa kullum ja, wuyansa a sage. Yakan yi kwana biyar bai buɗe baki ya yi magana da kowa ba sai mai cajin waya.

Ranar da mahaifinsa ya rasu, saƙon yayansa Gide ya yi awa uku a wayarsa bai duba ba, yana tsammanin wani mai aiki ne zai ce a sake gyara. Da ya isa Sabuwa har an dawo daga maƙabarta.

Bayan addu'ar bakwai ya tsaya taya Gide a bakin tukuba, tudun ƙasar nan da ake kafa tsinkunan tsire kewaye da wuta. Mutane suka riƙa kiransa da sunansa, suna ba shi labarin ubansa. Daga nan hannunsa ya ƙi komawa kan kwamfuta.

Duk ya faɗa mata wannan. Ta saurara, hawaye na bin kumatunta.

Kwana biyu bayan haka Alhaji Yahuza, mahaifinta, ya aiko da saƙo: kada ya sake zuwa zance.

Sati shida ke nan. Yana jera nama a tsinke yana tuna yadda take rufe baki da hannu in za ta yi dariya. Ya rubuta mata saƙo ya goge, ya sake rubutawa ya goge, don ya san wayar tana hannun Alhaji. Duk motar da ta shigo tashar da tukubar take sai ya ɗaga kai.

"Wuyanka zai karye," Gide yakan ce. "Juya naman nan."

Ran kasuwa da la'asar, yana barbaɗa ƙuli, ya ga wata dattijuwa ta sauko daga mota da babbar jaka. Gwaggo Kulu ce, yayar Alhaji. A bayanta, Shafa'atu.

Ya ajiye ƙulin. Ya san jakar. Kayan toshin da ya kai ne, za a mayar. Kuma sun biyo hanyar da ko direbobi sai sun tambayi na gaba kafin su shige ta, saboda ɓarayin daji.

Ya durƙusa ya gaida Gwaggo.

"Ci gaba da aikinka," ta ce, ta zauna kan benci. "Bari ƙafata ta huta."

Ya koma bakin wuta. Sai ga Malam Uwais, wani tsohon manomi da haƙoransa suka zube.

"Ɗan marigayi, yau ma sai ka tauna mani?"

"Malam, in na tauna ai haɗiyewa zan yi."

Mutanen wurin suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ya ɗauki nama mai laushi ya daddaka shi a kan katako, ya miƙa wa tsohon. Ya tambayi wani jikin matarsa, ya rage wa wani yaji saboda gyambon ciki, ya ce da wani baƙo da ya baro ƙauyensu saboda ɓarayin daji ya zauna ya ci tukuna, magana daga baya.

Da mutane suka ragu, Shafa'atu ta matso.

"Ka yi ƙiba," ta ce a hankali.

"Ke kuma kin rame."

"Laifin wa?" in ji ta. "Shekara biyu kana zuwa zance, ban taɓa sanin kana dariya da ƙarfi haka ba... Kullum idonka na kan waya, ina tsammanin halinka ke nan."

"Ina kewarki, Shafa. Amma in na koma ɗakin can, ba ni za ki aura ba, gangar jiki ce."

"Na gani."

Gwaggo Kulu ta gama tauna balangun da Gide ya kawo mata, ta goge hannu da takarda.

"An aiko ni in danƙa wa yayanka kayan nan," ta ce. "To, Yahuza ƙanena ne, ni na goya shi. Duk ran kasuwa sai ya aika an sayo masa tsire, ban taɓa jin ya tambayi asalin hannun da ya gasa ba. Ɗauki jakar, ka mayar mani mota."

Mas'ud ya ɗago ya dube ta.

"Ban yi maka alkawari ba hwa. Taurin kai gare shi. Amma ranar Juma'a ka turo Gide da kawunku, za su tarar da ni zaune a zauren."

Ya ɗauki jakar ya kai mota. Shafa'atu ta shiga, ta leƙo ta taga tana share ido.

"Ƙulla wa Baba nasa. Mai kitse yake so, kada ka cika yaji."

Ya ruga ya zaɓi tsinke goma, ya yanka albasa, ya naɗe, ya miƙa mata motar tana tashi. Ta rungume ƙullin a cinyarta da zafinsa.

Yana nan tsaye har motar ta sha kwana, Gide na kiransa daga baya wai nama yana ƙonewa.