Rubutun Bayan Mota

Rufaida na laɓe a bayan ƙyauren soro, ta ji Baba Datti ya yanke magana.

"Ba zan ba da 'yata ga mai rubuta abin da bai sani ba."

Mujitaba kenan ake nufi, mai zanen manyan motoci a Kwanar Ɗangora, wanda shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidansu. Duk motar da ya yi wa ado sai ya rangaɗa mata Goodbye a baya, haka ya tarar maigidansa na yi. Idi mai shagon taya, da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta, shi ya kai tsegumi wai kalmar baƙar magana ce ta Turawa, ta korar mutane. Ka ji sharri!

Da Baba ya tambayi Mujitaba asalin kalmar, bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Aka ba shi zuwa Juma'a ya nemo ma'anarta.

Rufaida ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta share hawaye ta hau mashin zuwa Kafin Maiyaki, wurin tsohuwar malamarsu ta Turanci, ta tambayo ma'anar kalmar. Dariya ta dawo tana yi ita kaɗai a hanya.

"Masoyina... ashe addu'a kake rubutawa," ta ce wa Mujitaba da yamma.

Ranar Juma'a ya durƙusa gaban Baba ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce sallama ce ta rabuwa, irin tamu ta "sai wata rana". Asalinta kuwa jimla ce guda, "God be with you", wato Allah Ya kasance tare da kai. Shekaru ɗaruruwa bakin mutane na tauna ta har ta gajarce.

"Wa ya koya maka?"

"Rufaida ce, Baba. Ni ban yi nisa a boko ba."

Rufaida na laɓe tana ji. Wannan gaskiya tasa wata rana sai ta kashe ta!

Baba tsohon direba ne, shekara talatin yana jigilar masara daga Doguwa zuwa kudu, da wannan kalma a bayan motarsa, bai taɓa tambaya ba. Can sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Ashe duk wanda na wuce a hanya addu'a na yi masa! Tashi, ɗana, ka turo magabatanka."

Ranar kai amarya, Mujitaba da hannunsa ya rubuta kalmar a gilashin bayan motar. Rufaida ta ɗaga mayafi ta waiwaya, farin ciki da kewar gida sun cika mata ƙirji. Ta hango Baba tsaye a ƙofar gida, ya ƙura wa rubutun ido, ya ɗaga hannuwa yana cewa amin.