Karsanar Mai Dusa

Ranar da Abdulbaƙi ya kai dusa gonar Alhaji Kure a Yangoji, ya tarar da wata budurwa tana rage abincin da ke gaban maraƙa. Shi da sayar da abincin dabbobi ne sana'arsa a Kuje, abin ya sosa masa rai.

"Baiwar Allah, me ta yi miki?"

Ta ɗago kai. Nan take ya manta da buhun da ke kafaɗarsa.

"Nononta nake ceto," in ji ta.

Ikilima ke nan, 'yar Alhaji, ɗalibar likitancin dabbobi. Ta dafa kan maraƙar.

"A nan, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai ɗan ƙullutu kamar gurjiya. Shi ke sakin sinadarin girma cikin jini. Sinadarin ya taɓa hanta, hanta ta aika nata saƙon, sai hanyoyin nono su yi ta rassa cikin hantsa. In ka ɗura mata dusa tana ƙarama, sinadarin ya ja baya, kitse ya cinye wurin."

"Subhanallahi! Ɗan da ko cikinsa ba a yi ba, har an fara gina masa abinci?"

"Tun yanzu."

Bawan Allah ya koma Kuje jiki a sanyaye, rabi don ikon Allah, rabi don Ikilima. Daga ranar ya tsiri kawo dusar da ba a aika a kawo ba.

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Alhaji, ya ɓata rai. Shi Nazir yake so, ɗan amininsa mai shaguna a Wuse. Amma Ikilima ta kafe, shi kuwa ba ya iya ganin hawayenta. Sai ya ware maraƙa biyu mata, sa'annin juna, ya ba kowane saurayi ɗaya.

"Kafin ta gama karatu sun haihu. Wanda ya iya riƙon dabba, shi zan ba 'yata."

Ikilima ba ta yi rowar ilimi ba, ta faɗa wa Nazir abin da ta faɗa wa Abdulbaƙi.

"Haba, bar min turancin makaranta," in ji Nazir. Ya shiga ɗura wa tasa dusa safe da yamma.

Abdulbaƙi kuwa ciyawa da harawa, sai dusa gwargwadon yadda aka ce. 'Yan kasuwa suka samu abin yi: "Oga, kai ke ƙosar da shanun gari, taka ko sheƙi babu!"

Bayan shekara Alhaji ya zo duba. Ya shafa ta Nazir, mulmul da ita, yana ta Masha Allah. Ta Abdulbaƙi kallo ɗaya ya yi mata ya wuce. Ikilima na tsaye, ba ta ce uffan ba.

Shirun nan ya ƙona wa Abdulbaƙi rai. Ya tura mata saƙo: "Likitata, in Nazir kike so ki faɗa. Ba sai kin mai da ni abin dariya ba."

Amsa ta zo yana tsaye gaban karsanar, mudu cike da dusa a hannunsa: "Mai dusana, ka ɓata min rai. A gaban Baba me zan ce? Abin da ake ginawa a cikinta ido ba ya gani. Ka ƙara mata ko mudu ɗaya, ni ka rasa."

Ya karanta sau uku. Ya juye dusar cikin buhu.

Damina biyu ta wuce, shanun suka haihu, sati guda tsakani. Da hantsi Alhaji ya sa aka kawo su, ya tsuguna tatsa da kansa. Ta Nazir, ga hantsa tirim, amma da ƙyar nono ya rufe gindin ƙwarya, ɗanta na ta kuka. Ya koma kan ta Abdulbaƙi. Nono ya yi ta zuba har kumfa ta taɓa yatsunsa, aka miƙo wata ƙwaryar.

Tsohon ya daɗe bai tashi ba. Idonsa ya kawo ruwa.

"Shekara arba'in ina duba hantsar saniya," ya ce a hankali. "Ashe daga ka ake fara nono. Allah mai iko!"

Ya ɗago ya dubi Abdulbaƙi. "Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure, da nonon saniyar aka dama furar baƙi. Har Nazir ya sha, ya nemi ƙari.

Da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta, daidai inda take dafa maraƙa.

"Allah ya yi muku albarka. Wanda ya tanadi abincin ɗan da ba a haifa ba, ya tanadar muku abin da idonku bai gani ba tukuna."

Daga cikin lulluɓi Ikilima ta amsa: "Amin, Baba."