Dakalin Girki Daidai Gwiwar Hannunta

Ranar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, tana tsaye ne a tsakiyar kicin ɗin sabon gidansu, riƙe da tukunyar da babu komai a ciki.

Ko rufi ba a yi wa gidan ba. Bulo ne tsirara da yashi da warin siminti. Amma ta tsayar da magini, ta damƙa wa mijinta alli, ta shiga girkin ƙarya. Ta buɗe firjin da babu shi, ta ɗauko naman da babu shi, ta taka zuwa inda famfo zai zauna, ta wanke, ta juya ta yanka, ta sake juyawa ta ɗora a wuta. Duk inda ta tsaya, shi kuma sai ya duƙa ya zana a ƙasa.

"Farfesa, ba nan na ce ba. Nan."

"To, Shugaba."

Ba farfesa ba ne. Malamin tarihi ne a makarantar kwana, ita kuma kukun makarantar ce lokacin da suka haɗu. Ta laƙaba masa sunan ne don ta ga ko shayi ba ya iya haɗawa sai ya kawo dalili, shi kuma ya rama da Shugaba don bai taɓa cin gardama da ita ba. Shekara ashirin da wani abu tana yi masa girki a lungun gidan haya, a duƙe, bayanta na dukan bango idan ta miƙe. Da suka samu fili, ba ta tambayi girman falo ba, ba ta tambayi launin fenti ba. Kicin kawai ta ce a bar mata.

Dokokinta kuwa a bakinta suke. Firji da famfo da wuta su zauna kamar duwatsun murhu, kowanne yana kallon ɗan'uwansa. Taga a saman wurin wanke-wanke, ba a saman wuta ba, kada iska ta riƙa wasa da gas. Ƙofa kada ta buɗe a bayan mai ɗauke da tafasasshen ruwa. Sito kusa da ƙofar baya, don mai ɗauko buhu kada ya ratsa falo da ƙurarsa.

Saura tsayin dakalin girki, wato shimfiɗar simintin da za a ɗora gas a kai, a yi yanka a kai. Ta matsa jikin bango ta lanƙwasa gwiwar hannunta don ya yi alama.

Sai tukunyar ta faɗi ta yi ta gungurawa.

Ita kuma ta zauna a kan yashi kamar wadda aka zare wa kujera.

"Farfesa... ba na jin ƙafata."

A barandar asibiti likita ya gaya masa, shi kaɗai. Ciwon jijiyoyi ne, daga ƙafa yake farawa, sama yake hawa, kuma ba ya komawa ƙasa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bayyana wa yara yadda dauloli suke rushewa, ya shiga ɗaki ya ce wa matarsa likita ya ce a yi haƙuri da magani.

Aka sayi keken guragu. Ta ce na aro ne. Bai musa ba.

Gini ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Ya koyi ɗaga ta daga gado zuwa keke, ya koyi wanke kwanuka, ya koyi barci a zaune a ɗakin malamai. Gajiya ta zama masa riga. Da magini ya aiko cewa an gama filasta, tsayin dakali kawai ake jira, sai mijinta ya kewaya ya kewaya, ya ce mata ko za a ɗan sassauto da shi ƙasa, don sauƙi.

Ta dube shi ta ce:

"Ka gama binne ni ke nan?"

"Shawara ce kawai."

"A yi shi yadda muka auna. A tsaye zan yi girki a gidana."

Ya ce to. Ya san ƙarya ake ginawa da siminti, amma ya ce to.

A nan ne Yaya ta shigo maganar. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta taɓa yafe masa auren nan ba. Tun farko ta ce mai digiri ba ya auren mai ludayi. Da shekaru suka wuce babu haihuwa, ta daina faɗa da baki, ta koma faɗa da ido. Yanzu kuwa sai ga ta da fara'a da lemo a leda, da wata ƙawarta a bayanta, doguwar bazawara mai shagon kayan kicin, wadda turarenta ke riga ta shiga ɗaki. Wai taimako ta kawo. Wai za ta ba su kabad da durowa a kan sauƙi, saboda zumunci.

Ranar da aka je awo, Shugaba ta ce da ita za a je. Keken ya ƙi shiga ƙofar kicin, sai da mijinta da magini suka ɗaga ta kamar buhu. Aka ajiye ta a kusurwa, aka manta da ita.

Mai shago ta zagaya ɗakin tana ƙwanƙwasa bango da farce. Ta ce kabad ya hau har rufi. Ta ce wuta ta koma ƙarƙashin taga, ya fi kyau a ido. Sannan ta matsa jikin bango, ta lanƙwasa gwiwar hannunta, ta ce wa magini ya yi alama a nan.

Gwiwar hannunta. Tata.

"Ni dai ba na son duƙawa idan ina..." Ta kama bakinta. "Ina nufin mace ba ta son duƙawa."

Yaya ta gyara mayafi ta ce ai gida ba na yau kaɗai ba ne, gara a yi abin da kowa zai iya amfani da shi. Magini ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a cikin yashi. Malamin tarihi kuwa, wanda ya karanta labarin juyin mulki iri-iri, ya tsaya ana yin ɗaya a gabansa yana riƙe da tef ɗin awo.

Suka koma gida shi da Shugaba. Ya ɗora ruwan shayi, ya kawo mata, ta bar shi ya huce.

"Me likita ya ce maka a baranda?"

Ya fara maganar magani.

"Farfesa. Tun ranar da ka wanke kwanuka ban roƙe ka ba na san abin da ya ce. Ina so ne in ji daga bakinka."

Ya faɗa mata. Bai ƙawata ba, don ba shi da sauran ƙarfin ƙawatawa. Ta yi kuka, ba mai yawa ba, irin na wanda ya riga ya yi rabin kukansa a ɓoye. Sannan ta share fuska da gefen ɗankwali.

"Allin nan yana nan?"

Washegari da safe suka koma, da tukunyar nan da ta lotsa. Ta sa magini ya goge alamar mai shago da hannunsa. Ta sake girkin ƙarya daga farko, a zaune. Ta murza keken zuwa firji, ta juya zuwa famfo, ta ga gwiwoyinta za su daki bango, ta ce a bar ƙarƙashin wurin wanke-wanke a buɗe, keke ya shige. A fasa ƙofa a faɗaɗa. A bar fili a tsakiya yadda za ta juya ba tare da ta koma da baya ba. Kabad na sama a soke shi gaba ɗaya, durowa kawai, masu jawowa. Makunnin wuta ya dawo gaban dakali inda hannu zai kai. Famfo mai dogon hannu. Gas ya sauko yadda za ta ga cikin tukunya ba tare da ta leƙa tururi ya ƙone ta ba.

Daga ƙarshe ta jingina da bango, ta lanƙwasa gwiwar hannunta daga kan keken.

Mijinta ya duƙa ya yi alama. Layin bai kai ƙugunsa ba.

Magini ya sosa ƙeya ya ce shi dai bai taɓa gina irin wannan ba, duk wadda ta tsaya a nan bayanta zai karye.

"Haka nake so," in ji ta. "Duk macen da ta tsaya a nan, bayanta ya gaya mata gidan wa ta shigo."

Magini ya yi dariya har da riƙe ciki. Mijinta bai yi ba. Wata da watanni ke nan bai ji ainihin muryar Shugaba ba sai ranar.

Yaya ta zo da wuta. Ta ce an lalata gida, an mayar da shi asibiti, ko haya ba wanda zai karɓa. Ta ce an shanye shi tun yana saurayi, har yau bai farka ba. Ya saurare ta har ta gaji, sannan ya ce mata shi ba don 'yan haya ya yi gini ba, kuma idan ƙawarta na neman kicin daidai tsayinta, ta nemi mijin da ya yi daidai da shi. Wannan ne karo na farko da ya mayar mata da magana, kuma ya yi mamakin yadda sama ba ta faɗo ba.

Mai shago ba ta haƙura da wuri ba. Ta fara aiko masa da abinci makaranta a kula mai kyau, wai tausayin namiji mai jinya. Ya riƙa miƙa wa maigadi. Sai ta aiko da durowoyin da tsayin mai tsayuwa, ta ce kuskuren yaranta ne, amma tunda an riga an yanka katako ai asara ce a canza. Ya sa aka mayar mata da su a motar da ta kawo su, ya nemo wani tsohon kafinta. Shugaba ce ta zauna da kafintan ta gaya masa komai, ta kori mijinta waje.

Da suka tare, komai ya zauna daidai. Babu abin da hannunta ba ya kaiwa. Har ya ɗan ji haushi, don an gina kicin da ba a bukatarsa a ciki. Abu ɗaya ne kawai ya fita daga tsari: wani ɗan katako can sama kusa da taga, wanda gwangwanin gishiri kaɗai yake ɗauka.

Ya ce kafinta ya yi shirme, bari a sauko da shi.

Ta ce ya bar mata kayanta.

Haka rayuwarsu ta koma. Da yamma ya zauna a falo da littafi, ita tana ciki, ƙarar wuƙa a kan katako, ƙamshin albasa a mai, ƙugin tayar keke daga famfo zuwa wuta. Can sai ya ji:

"Farfesa... gishiri."

Ya tashi yana gunaguni, ya miƙo, ta zuba, ta sa ya ɗanɗana, ta ce bakinsa bai san komai ba, ya mayar da gwangwanin sama. Wani lokacin sau biyu a girki ɗaya. Shinkafar takan yi gishiri fiye da kima. Bai taɓa cewa komai ba.

Damina ɗaya ta yi a kicin ɗin. Ciwon ya ci gaba da hawa yadda likita ya faɗa, don irin wannan alkawari ba a saɓa shi. Wuƙa ta fara suɓucewa. Ya koma shi ke yanka, ita tana ba da umarni. Sannan ludayi ma ya yi mata nauyi.

Wata yamma tana kallon dakalin ta ce, "Idan na tafi, za ka ɗaga shi?"

"Magini ya ƙoshi da mu, Shugaba. Ko waya ba ya ɗauka."

Ta yi murmushi, amma ba amsar da ta nema ba ke nan, kuma ya sani.

"Na hana ka karatu da kiran gishiri, ko? Ka yafe mini. Mutum ya auri kuku ya ƙare da jinya..."

"Tarihi ba ya gudu," in ji shi.

Amsar gaskiya tana bakinsa. Ya ga idonta ya yi nauyi, ya ce bari sai gobe, idan ya dawo daga makaranta, zai zauna ya faɗa mata da kyau. Masu karatu haka suke, kullum suna jiran jimlar ta gyaru.

Yana cikin aji aka kira shi.

Bayan an share makoki Yaya ta dawo, muryarta a sanyaye, da ƙawarta a bayanta ta rage turare. Ta ce ta tambayi magini, layi biyu na bulo kawai za a ƙara, kicin ya zama na mutane. Ta ce namiji ba ya zama haka, ita ma marigayiyar ba za ta so ba. Ya ce marigayiyar ta faɗi abin da take so a gaban shaidu, da alli. Ya raka su har bakin ƙofa, ƙofar nan mai faɗi, ya rufe.

Yanzu shi ke girki. Ya ajiye kujera a gaban dakalin, yana yanka a zaune, gwiwoyinsa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Komai yana kusa da hannu. Idan tukunya ta tafasa sai ya ɗan dakata, kamar mai sauraron wani abu, sannan ya dafa dakalin ya miƙe ya ɗauko gwangwanin da kansa.

Ya san dalilin katakon nan tun makon farko. Ba wannan ne ke hana shi sakewa ba. Abin da ya bari sai gobe shi ne:

"Shugaba, duk yammacin da kike girki, ko layi ɗaya ban taɓa karantawa ba. Littafin a buɗe kawai yake. Kiranki nake jira."