Dutsen Murhun Maƙetara

Abin ya fara ne wata magariba, a gidan Mukhtaru da ke unguwar Utaibiyya a Makka. An idar da salla, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnaninsa, mahaifiyarsa Hajiya Zali tana lazimi a ɗaki. Sai aka ji tsakuwa ta bugi ƙofar falo, daga ciki. Wata ta biyo. Da aka ɗauka, jiƙaƙƙiya ce, mai santsi irin ta bakin kogi, ga shi Makka ba kogi.

Ba a daɗe ba da Mukhtaru ya dawo daga yawon buɗe ido a Cadi. Ya je wani ɗan gari, Maƙetara, a bakin kogi, tsakiyar fili mai ciyawa iyakar gani. Nan ne masu tafiya hajji a ƙasa suke yada zango a da, kafin su ƙetare. Yanzu mutanen garin suna zagayawa da baƙi, a nuna musu tsohon kwalekwale, da rijiya, da kufan bukkoki, da wani murhu mai duwatsu uku da aka ce na wata tsohuwar Bahausa ce. Mukhtaru dai tun yana yaro ba ya son a ji Hausa a bakinsa a waje, har Hausar ta gudu ta bar shi. Amma yanzu kowa yana taƙama da asali. Sai ya faki ido ya sa dutse ɗaya na murhun a jaka, ya zo ya ajiye shi cikin gilas a falo, yana nuna wa abokai.

Kullum rana ta faɗi, sai jifa. Daga baya aka fara jin ƙaurin hayaƙin kara a gidan da ba a girki sai da gas.

Sannan abin ya koma kan Samah, 'yar Mukhtaru da ke jami'a, wadda ba ta san ko "sannu" ba. Wata yamma aka tarar da ita tsugune gaban gilas ɗin, tana hura wutar da babu. Ta ɗago ta dubi kakarta, ta ce da wata irin murya a dishe, "Zali, kin tsufa."

Hausa ce tsantsa, irin ta mutanen da.

Mukhtaru ya kai ta asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau. Ita kuwa Hajiya Zali, sai ta riƙa jawo tabarma kusa da yarinyar duk magariba. Suna hira ƙasa-ƙasa, ta gero, ta ambaliya, ta wani jaki mai taurin kai. Rabon da a yi mata doguwar Hausa a gidan nan tun rasuwar mijinta. Amma Samah ta daina ci, tana ta ramewa, wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Dole aka ɗauko Malam Awwalu daga unguwar Hindawiyya. Ya zo bayan la'asar, ya zauna, ya yi ta karatu a hankali har hasken taga ya yi ja. Samah ta sandare. Malam ya tambayi mai magana ko wace ce, da abin da take nema.

Ta ce ita aljana ce, Musulma, a gindin murhun nan take zaune tun kafin a haƙa rijiyar garin. Ta ce wata shekara ayari ya zo, da wata tsohuwa da ƙafarta ta kumbura. 'Ya'yanta suka kafa mata duwatsu uku, suka ce ta jira, suna sauke farali za su dawo. Jikarta Zali tana cikin masu tafiyar, 'yar ƙarama, a kan jaki. Tsohuwar ta yi ta girki tana rage na masu dawowa, har ta mutu. Aljanar ce ta taya ta zama.

Mukhtaru ya juya ga uwarsa, ya tambaya cikin Larabci da guntuwar Hausa. "Esh take cewa, ya ummi?"

Aljanar ta yi dariya. "Ka ga tattaɓa-kunnen. Ya zo ya yi hoto da murhun, ko fatiha bai yi ba. A fassara masa: tukunya ba ta zama a kan dutse biyu."

Malam ya ce mata zalunci haram ne, yarinya ba ta ɗauki komai ba. Ta ce ta ji, za ta fita, amma sai Mukhtaru ya mayar da dutsen da hannunsa, kuma ya yi wa tsohuwar addu'a da sunanta.

Duk aka dubi Hajiya Zali. Ashe ba ta san sunan ba. Ta ce mahaifinta bai taɓa faɗin sunan uwarsa ba, don kunya. Mahaifiyarta kuwa suruka ce, ina za ta faɗa. Su yara Iya kawai suke cewa.

Malam ya roƙi aljanar ta faɗa musu. Ta ƙi. Ta ce ita aka bar wa, ita za ta riƙe. Ya ce to Allah ya san sunan, addu'a ba ta ɓata hanya. Sai aka fara kiran salla a masallacin unguwa.

"Na yarda," in ji aljanar. "Zali, sai wata rana."

Samah ta yi atishawa, ta faɗi a jikin babanta.

Mukhtaru ya mayar da dutsen, ya yi addu'ar, ya dawo. Jifa ta tsaya. Samah ta murmure, ta koma karatunta.

Wata magariba Hajiya Zali ta jawo tabarmarta kusa da Samah, ta taɓa mata gwiwa, ta ce a hankali, "Kin tuna jakin nan?"

Samah ta ɗago daga wayarta, ta yi mata murmushi, ta tambayi kakar tata da Larabci me ta ce. "Esh, ya sitti?"

Tsohuwar ta ce ba komai. Ta naɗe tabarmar ta koma ɗaki.