Farfesun da Tawfiq Ya Ƙi Ci

A rumfar kifin mahaifinta da ke Gwarinpa Nazeefa ta fara ganinsa. Ya sayi tarwaɗa uku, ya jera su a kula, ya manna wa kowacce lamba.

"Malam, ci za ka yi ko rajista za ka yi musu?"

Ya yi dariya. "Sunana Tawfiq. Gwajin abinci nake yi a lab."

Ya tafi da kifin, har da lambar wayarta. Kafin wata biyu ya koma "Hasken idona", ita kuma "Zumata".

Ranar da ya je gaida mahaifinta, Alhaji Nababa, aka kawo masa farfesun tarwaɗa daga tafkin Alhaji na Yangoji. Bai taɓa ba. Alhaji ya ji daɗi.

"Yaro mai kunyar surukai! Haka ake so."

Da ya yi shiru, da shi ke nan. Amma ya hango Rumasa'u, yayar Nazeefa, da tsohon ciki tana shan romon.

"Baba, ba kunya ba ce. Rafin da ke cika tafkin yana bi ta wurin masu haƙar ma'adinai. Sau uku na gwada, akwai gubar dalma a kifin. Dafuwa ba ta fitar da ita, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri."

"Shekara ashirin ina ciyar da Abuja! Ka janye maganar nan, ko ka manta da 'yata."

Da yamma saƙon Tawfiq ya shigo wayar Nazeefa: "Zumata, ina son ki kamar raina, amma ba zan janye ba."

Ta amsa: "Ka janye ka gani, ni zan fara ƙin ka. Tsaya a kan gaskiyarka, Hasken idona."

Washegari ta sa wa rumfar kwaɗo, ta ja Rumasa'u asibiti aka ɗebi jininta, ta ajiye wa mahaifinta sakamakon a gabansa: an ga dalma a jinin.

"Baba, ka kore ni in ka so. Ba zan ƙara sayar wa kowa kifin nan ba."

Alhaji ya karanta takardar. Da kansa ya zubar da ruwan tafkin, ya sa aka haƙa rijiyar burtsatse don cika shi da ruwa mai tsabta.

Rumasa'u ta sauka lafiya. Wata takwas bayan haka aka ɗaura aure. A walima Alhaji ya tura wa ango kwanon sabon kifi.

"Oga mai gwaji, wannan fa?"

Tawfiq ya cinye tas, har romon. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai ƙoshin lafiya.