Ruwan Wanke Hannu a Gidan Kansila

Kansilan unguwarmu ba mugu aka haife shi ba. Na san shi tun yana koyarwa a firamare, mutum ne mai sanyin murya da in'ina kaɗan, wanda ba ya wuce dattijo bai sauko daga babur ya gaishe shi ba. Don wannan halin aka zaɓe shi. A gidansa akwai mahaifiyarsa Inna, da ƙanensa Auta direban tifa, da matarsa mai ɗinki, da 'yarsu guda wadda ke karatun jinya. Shi ya laƙaba mata Likita tun tana ƙarama, sunan ya bi ta.

Unguwar tamu a bakin gari take, kuma a shekarar nan batutuwa uku ne a gaban majalisar ƙaramar hukuma game da ita. Akwai hanyarmu, wadda damina ke mayarwa kogi. Akwai babban filin da ke gefen unguwa, mai manyan itatuwan mangwaro, inda yara ke ƙwallo tsofaffi ke shan iska. Sannan akwai matsalar gidaje, don gari yana ta kumbura. Mafi yawan kansiloli suna bayan wata kansila, tsohuwar shugabar makaranta da kowa ke kira Malama. Ita ta ce a kwalta hanyar, a kewaye filin a zuba masa bencina da lilo ya zama wurin shaƙatawa, gidaje kuwa a gina su can gaba inda ƙasa ke zaune ba kowa.

Wata rana aka yi ruwa da safe, babur ɗin Kansila ya mutu a tsakiyar hanya. Ya iso zauren majalisa a makare, taɓo har gwiwa, takalminsa yana barin sawu a kan tayil. Wani kansila mai ƙiba ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, hanyar taku ka ɗauko mana a ƙafa don mu duba ta?"

Zauren ya ɓarke da dariya, har masinja. Kansila ya yi yaƙe ya zauna. Da aka zo kansa ya miƙe zai yi magana, in'ina ta sarƙe masa harshe, Shugaban majalisa ya duba agogo ya ce a wuce zuwa batu na gaba. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A wajen ajiye motoci wani ɗan kwangila ya tare shi, ya ja shi inuwa. Ya ce in aka mayar da filin nan rukunin gidaje, aka karkatar da kwaltar ta bi ta ƙofarsu, rabin gidajen na Kansila ne.

"Ni wa zai saurare ni?" in ji Kansila. "Ba ka ji dariyar ɗazu ba?"

"Na ji. Akwai mai gyara harshe. Ka san tsohon ramin da ake fasa dutse a da?"

Kansila ya yi kwanaki yana juya maganar. Ranar da ya tafi, da tsakar rana ya tafi, ya ce wa matarsa taron kwamiti ne.

A ƙasan ramin akwai wata rumfa ta tsohon kwano, an jingina ta da dutse. Waje rana kamar wuta, amma ciki sanyi ne irin na cikin rijiya, da warin danshi da ƙonannen gashi. Kwaɗuna a kulle suna rataye a rufin birjik, sun yi tsatsa, ba ko ɗaya mai makulli. A kusurwa an jera ƙahoni a kan jan ƙyalle, gefensu fasasshen madubi. A tsakiyar ɗakin kuwa wata baƙar tukunya ce mai faɗin baki, an rufe ta da fata, kuma duk da babu iska fatar tana ɗagawa tana sauka kamar cikin mai barci.

Bokan bai yi kama da boka ba. Ɗan siririn mutum ne tsaf-tsaf cikin farar singileti, yana yanke farce da reza. Bai ɗago kai ba ya ce, "Mai taɓo a ƙafa. Zauna."

Kansila ya matso. Ya zauna a kan dutse ya fara bayani, bokan ya katse shi.

"Kana so in ka yi magana hannuwa su tashi sama. Kana son fili. Abu ne mai sauƙi. Me ka zo wa tukunya da shi?"

"Zan kawo rago. Ko sa, in an ce sa."

"Tukunya ba ta jin yunwa. Ƙishi take ji."

Kansila ya miƙe zumbur. "Ni ba na son harkar jini. In jini ne, na fasa."

Bokan ya yi 'yar dariya ta hanci. "Wa ya ce jini? Dubi yadda kake rawa. Ruwa kawai. In an gama cin abinci a gidanka, ka kawo ruwa a kwano guda, mutanen gidan su wanke hannu a ciki. Kada a zubar. Ka kawo mini shi da ƙasar filin cikin tafin hannu."

"Ruwan wanke hannu? Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Me za a yi da shi?"

"Kai in ka ba maƙwabci aron tsani, kana tambayarsa katangar da zai hau?"

Kansila ya dubi tukunyar. Can ya ce, a hankali, "Har da ni zan wanke?"

Sai a lokacin bokan ya ɗago ya dube shi, idonsa fari fat kamar na dafaffen kifi. "Wannan kuma ya rage naka."

Washegari da rana suka ci abinci a tsakar gida. Da aka gama, Kansila da kansa ya tashi ya ɗebo ruwa a kwanon silba. Auta ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau kuma Yaya ne da hidima? Lallai zaɓe ya kusa."

Kansila ya durƙusa gaban Inna. Ta tsoma hannuwanta ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Auta ya wanke. Likita ta wanke, har ta yarfa wa mahaifinta ruwa a fuska don wasa. Matarsa kuwa ta riga ta tashi ta wanke nata a famfo, don mai kaya na jiranta a bakin keken ɗinki.

Kansila ya tsaya da kwanon, hannunsa na dama duk maiƙo. Ya dubi ruwan. Sannan ya ajiye kwanon a bayan ƙofa, ya je famfo ya wanke hannunsa da sabulu.

Da ya kai ruwan ramin dutse, bokan ya kwance fatar ya juye shi a tukunya, ya barbaɗa ƙasar a kai. Tukunyar ta yi wani sauti kamar maƙoshi yana haɗiya. Ya ciro wata 'yar laya kamar ƙwayar wake ya ce, "Ƙarƙashin harshe." Ya ɗauko sabon kwaɗo ya datse, ya rataye shi cikin 'yan'uwansa, ya jefa makullin a tukunya.

Ranar yanke shawara zauren ya cika, har mutanen unguwa sun zo sun tsaya a baya. Malama ta yi bayaninta tiryan-tiryan, da taswira da komai, aka tafa mata. Sai Kansila ya miƙe. Muryar da ta fito ba tasa ba ce. Babu in'ina, babu rawa. Ya ce itace ba ya rufa wa marar gida asiri, ya ce yara za su iya wasa a ko'ina, ya ce hanyar da ba ta kai ga ci gaba ɓarnar kwalta ce. Maganganu ne da kowa zai iya rushewa, amma zauren ya yi tsit, fanka kawai ake ji. Malama ta buɗe baki za ta ba da amsa, murya ta ƙi fita. Da Shugaba ya ce masu goyon bayan Kansila su nuna, hannuwa suka tashi, har da na mai tabarau. Malama ta dubi nata hannun a sama kamar na wani, hawaye na zubo mata. Daga ranar ba ta sake taka zauren ba.

Arziki ya zo kamar an ɓalle madatsa. Ɗan kwangila ya cika alkawari. Kansila ya yi mota, ya rushe gidansa ya ɗaga bene. Masu yi masa dariya suka koma buɗe masa ƙofar mota. Kwalta ta miƙe ɗoɗar zuwa sababbin gidaje, hanyar unguwa kuwa tana nan da taɓonta, amma ba wanda ya iya yi masa maganar, don ya zama mai yawan kyauta.

A makon da inji ya fara sare itatuwan filin, Inna ta fara kukan ƙishi. A ba ta ruwa ta shanye ta ce a ƙaro. Asibiti suka yi gwaji iri-iri ba su ga komai ba. Ta bushe kamar kara, ta rasu da kofi a hannu. Mutane suka ce tsufa ne. Kansila ma ya ce wa kansa tsufa ne.

Bayan an ɗora wa gidajen rufi, Auta ya ɗauko yashi a tifa ya hau sabuwar hanya da hantsi, rana tarwai. Yaron motarsa ya ce kwatsam Auta ya fara ihu wai ruwa ya rufe gilashi, ya murɗa sitiyari. Motar ta kife a kwalbati. Shi yaron ko ƙwarzane, Auta kuwa da aka zaro gawarsa kayansa a jiƙe suke sharkaf, alhali ko ɗigon ruwa babu a wurin.

Sannan aka zo kan Likita. Daga makaranta aka dawo da ita, wai ta ƙi barin wurin wanke hannu na ɗakin marasa lafiya. A gida ma haka. Ta tsaya a famfo tun safe tana cuɗa hannu, tana cewa, "Bai fita ba. Baba, bai fita ba." Fata ta saɓule, aka naɗe hannuwan da bandeji, ta kwance da haƙori. Aka kashe ruwan gidan, ta ci gaba da cuɗawa a busasshen famfo. Yarinyar da unguwa ke alfahari da ita, sai ga shi ana kulle ta a ɗakin sama don kada baƙi su ji.

Kansila ya koma ramin dutse ya zube a gaban bokan. "Ka ɗauki gidajen. Ka ɗauki komai. Ka sake mini 'yata."

"Ruwan da aka shanye ake mayarwa a kwano?"

"Ka yaudare ni! Ba ka gaya mini ba!"

Bokan ya ci gaba da yanke farcensa. "Na ce har da kai ya rage naka. Ka wanke?"

Kansila ya dubi hannunsa na dama.

"To me zan gaya wa wanda ya riga ya sani?"

Da ya dawo ya tarar da matarsa zaune a ƙasa a ƙofar ɗakin 'yarsu, kwanon silbar nan a cinyarta. Ta daɗe tana tunani, ta harhaɗa abin da kanta.

"Baban Likita, tunda na zo gidan nan sau ɗaya ka taɓa ɗebo wa mutane ruwa. Mutum uku suka wanke a ciki. Biyu suna ƙasa, ga ta ukun tana ihu. Tambaya ɗaya zan yi maka. Me ya sa kai ka je famfo?"

Ya nemi muryar nan da ke ɗaga hannuwa, bai same ta ba. Ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Da ka ce mini ba ka sani ba, da na yi ƙoƙari na yarda," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Inna albarka ta sa maka."

Su ma gidajen ba su zaunu ba. Bango ya riƙa tsattsafo da ruwa a tsakiyar rani, fenti na ɓarewa, tushe na tsagewa. Masu haya suka ce da rana tsaka suna jin ana wanke hannu a ɗakin da ba kowa. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu. Ɗan kwangila ya tsallake ya bar gari. Majalisa ta kira zaman jin bahasi a bainar jama'a, aka ce Kansila ya zo ya yi bayani.

Ya sa babbar riga, ya sa layar a ƙarƙashin harshe, yana fatan ta fisshe shi ko sau ɗaya. Ya miƙe a gaban zauren da ya cika maƙil. Muryar ta fito, garau kamar ta wancan karon, sai dai ba abin da ya shirya take faɗa ba. Ta faɗi ramin dutse da tukunya. Ta faɗi rabon da aka yi a wajen ajiye motoci. Ta faɗi yadda ya durƙusa gaban uwarsa da kwano. Ya toshe bakinsa da hannu biyu, maganar ta ci gaba da fita ta tsakanin yatsunsa, har inda ya wanke nasa hannun da sabulu.

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya jefe shi. Kansilolin da suka ɗaga hannu suka sunkuyar da kai, mutanen unguwa da suka karɓi kyautarsa suka kasa kallon juna. Aka riƙa zamewa ta ƙofar baya ɗaya-ɗaya, har ya rage shi kaɗai yana ta magana da kujeru.

Hukuma ta ƙwace benen. Matarsa ta ɗauki 'yarta da kekenta ta koma wurin danginta, kuma an ce har yau sai an ɗaure wa yarinyar hannu kafin ta ci abinci. Shi kuwa yana nan da rai. Yana kwana a wani kango bayan tashar mota, kuma hankalinsa bai gushe ba, da ya gushe da ya huta. In ya hango wanda ya sani sai ya ja riga ya rufe fuska, ya manne da bango har mutum ya wuce.

Kai da zuciyarka ke tafasa don an yi maka dariya, kai da ke ganin kujerar da jama'a suka ba ka amana ta yi maka kaɗan, ka saurara. Masu irin wannan rumfa ba sa tambayar abin da za ka ji zafin bayarwa a ranar. Ƙaramin abu suke nema, wanda za ka iya ce wa kanka ba komai ba ne, alhali can cikin ranka ka san ko mene ne. In ka miƙa shi, ba boka ne ya ci gidanka ba. Kai ne, kuma za ka rayu ka sani.