Kujera Ɗaya a Sashen Hannun Jari

Ranar Lahadi da hantsi Dasom tana tsugune a kicin, tana taya mahaifiyarta barbaɗa wa kabeji gishiri, sai aka danna ƙararrawar ƙofa. Ta goge hannu ta je ta buɗe. Mahaifiyar saurayinta Gyuwon ce tsaye, ta sha kwat ta zuwa biki, ta rungumo kwalin 'ya'yan itace.

"Mama! Sannu da zuwa. Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai. Iyayenki suna ciki?"

Matar ba ta taɓa taka gidan ba sai ranar. Nan da nan mahaifiyar Dasom ta ɗora shayi, mahaifinta kuma, direban bas da ke hutu ranar, ya kashe talabijin ya gyara zama.

Tun a jami'a Dasom da Gyuwon suke soyayya. Da suka gama, sai suka yi sa'a wani kamfanin zuba jari da ke Yeouido, unguwar bankuna ta birnin Seoul, ya ɗauke su tare cikin shirinsa na horar da sababbin ma'aikata. Watanni ana zagayawa da su ofis-ofis, daga masu binciken kasuwa zuwa masu kula da abokan ciniki. Amma tun ranar farko aka faɗa musu cewa a sashensu mutum ɗaya za a tabbatar wa aiki, sauran kowa ya kama gabansa. Yanzu horon ya zo ƙarshe, kuma kowa ya san su biyun ne a gaba.

Baƙuwar ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ajiye kofi ta dubi Dasom.

"'Yata, roƙo na zo yi. Ki janye daga intabiyun ƙarshe."

"In janye, Mama?"

"To mene ne a ciki? Ai aurenki zai yi. In ya samu, ke kika samu. Amma namiji ya zauna ba aiki matarsa tana fita da jaka kullum, da wane ido zan dubi dangin mahaifinsa? Ni kaɗai na raini yaron nan tun rasuwar ubansa!"

"Yaya Gyuwon ya san kin zo?"

"Bai sani ba, kuma ba na so ya sani."

Baƙuwar ta yi sallama ta tafi. Mahaifiyar Dasom ce ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ki duba dai. Wannan matar da ita za ki zauna har tsufanta. Kada ki shiga gidan mutane da gaba."

"Haba Umma! Duk wahalar da na sha?"

Mahaifinta ya miƙe ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ce, "Ni dai ban taɓa tambayar makaranta ko kuɗin karatun mace ya fi na namiji sauƙi ba. Daidai na biya." Ya fice abinsa.

Dasom ta kwana biyu tana juya maganar, daga ƙarshe ta yanke shawarar da take ganin ba za ta ɓata wa kowa ba: za ta shiga intabiyun, amma ta yi sakaci da gangan.

Ranar Laraba da hutun cin abinci suka keɓe a wani ƙaramin ɗakin taro suna gwada wa juna tambayoyi, kamar yadda suka saba. Gyuwon ya hakimce a kujera yana kwaikwayon manaja.

"Malama Pyo Dasom, idan babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, me za ki shawarci dattijon da ya kawo mana kuɗin fanshonsa?"

"To... ya danganta dai."

"Ya danganta da me?"

"Ban sani ba."

Ya sauke takardar hannunsa yana kallonta. "Ke ce fa kika koya mini amsar nan a watan jiya. Wa kike yi wa wasa?"

Ta yi ƙoƙarin dariya, sai hawaye suka riga ta. Bai bar ta ba sai da ta faɗa masa komai. Kunnuwansa suka yi ja.

"Wato sadakar aiki za ki ba ni? In riƙa shiga ofis kullum ina sane da cewa kujerar matata na hau? Ki saurare ni da kyau, in kika faɗi da gangan, ranar zan ajiye musu katin shiga in tafi."

"Yaya, mahaifiyarka ce fa!"

"Na sani. Ni zan ji da ita. Ke dai ki zo da shirinki, don ni ba zan raga miki ba."

Haka kuwa aka yi, kowa ya zage iya ƙarfinsa. Da sakamako ya fito, Dasom aka ɗauka. Gyuwon ya miƙa mata hannu a gaban sauran abokan horonsu yana murmushi, sannan ya kwashe kayan teburinsa cikin kwali ya sauka. Sai da ya isa tashar jirgin ƙasa ya zauna a benci ya yi kukansa.

A gida mahaifiyarsa ta ɗaga murya har maƙwabta suna ji.

"Muddin ina raye yarinyar nan ba za ta shigo gidan nan ba! Ta dubi tsabar idona ta ƙwace maka abinci!"

"Mama, ba ta ƙwace ba. Ta fi ni ne."

"Rufe mini baki!"

Ya rufe. Bai ƙara yi mata musu ba, bai kuma rabu da Dasom ba. Da safe yana aiki a wani kantin unguwa, da yamma yana ɗakin karatu yana shirin wata jarrabawar. Kamfani bayan kamfani suna ba shi haƙuri. Ita ma Dasom ba ta samu hutu ba: sabuwar ma'aikaciya ce, ita ce shigar fari, ita ce fitar ƙarshe, ga abokan aiki masu raɗa cewa ta taka saurayinta ta wuce. Duk da haka ba wani biki da zai zo ba ta je gaida mahaifiyarsa ba. Kullum a bakin ƙofa ake sallamarta. Ta rusuna ta ajiye tsarabarta ta juya.

Ƙawayenta suka gaji. "Ke kam ba ki da zuciya? Ga samari cike da ofis!"

"Ba ofis na je neman miji ba," in ji ta.

Da bikin kaka na Chuseok ya zagayo, lokacin da kowa ke komawa gida, yayar Gyuwon mai suna Gyuri ta zo daga birnin Daejeon inda take sayar da kayan kwalliya a wani babban kanti. Suna zaune su uku, ita da Gyuwon da mahaifiyarsu, suna murza wainar shinkafa aka danna ƙararrawa. Mahaifiyar ta leƙa ta dawo fuska a ɗaure.

"Ita ce. Kada wanda ya buɗe."

Gyuri ta miƙe, hannunta duk gari, ta je ta buɗe ƙofar.

"Shigo, ƙanwata."

"Gyuri! Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji, Mama. Ai na saba ji." Ta juyo ta fuskanci mahaifiyarta. "Ina shekarar farko a jami'a kika ce in janye don a samu na karatun Gyuwon. Kika ce in ya samu, ni na samu. Na janye. Yau kullum ina tsaye a kanti har ƙafafuna su kumbura, ina shafa wa matan da muka yi aji ɗaya hoda. Ban taɓa yi miki ƙorafi ba. Amma wannan yarinyar ta ƙi yin abin da na yi, kuma wallahi ta burge ni."

Gyuwon ya sunkuyar da kai. Yana ƙarami lokacin, an ce masa yayarsa ce ta gaji da boko.

Mahaifiyar ta dubi ƙafafun 'yarta, sai ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka. Dasom ta cire takalmi ta shigo, ta durƙusa gefenta. Da kukan ya lafa, tsohuwar ta share fuska ta tura mata kwanon ƙullun.

"Wanke hannu. Ba a tsayawa kallo a gidan nan."

Ba a ranar komai ya gyaru ba. Sai da aka ɗauki lokaci kafin tsohuwar ta iya kiran sunan Dasom ba tare da ta kau da kai ba. Da bazara wani kamfanin inshora ya ɗauki Gyuwon cikin nasa shirin horon, wannan karon kuma aka tabbatar masa da aikin. Kafin a sa ranar aure ya kafa sharaɗi guda, Dasom ta goya masa baya: su biyun za su ɗauki nauyin Gyuri ta koma karatu. Ta koma, tana aji ɗaya da yaran da ta girme su nesa ba kusa ba, ko a jikinta.

Ranar ɗaurin auren an ga uwar ango tana jan amarya daga tebur zuwa tebur tana nuna wa dangin mijinta. "Surukata ce. A Yeouido take aiki, ita kaɗai aka ɗauka a sashensu!"

Iyaye sukan so ɗansu har su manta wanda ake dannewa don ya tashi shi ma ɗan wani ne, wani lokacin ma nasu ne. Dasom da Gyuwon ba su yi wa babba rashin kunya ba, ba su kuma yarda ɗaya ya ƙasƙantar da kansa don ɗaya ba. Haƙuri suka yi a kan gaskiyarsu, har wadda ta rufe musu ƙofa ta zama mai alfahari da su.